Dakta Ramla Zulkifilu, Wadda Ta Sa Na Binne Kifina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, 16 ga Zulƙida 1446, daidai da 14 ga Mayun 2025, Allah ya yi wa Dakta Ramla Zulkifilu Kudan rasuwa a wani asibiti a Zariya, bayan jinyar kwana shida. Shekarunta arba'in da uku. Ina cikin kasuwar Makarfi da hantsi, a layin masu dusa, mijinta Malam Zayyad ya kira ni ya sanar da ni. Na bar buhunan da na saya a wurin, na nemi mota zuwa Kudan. An sallace ta bayan la'asar a ƙofar gidan mahaifinta. A sahun da na tsaya kaɗai na ƙirga masu kiwon kifi goma sha ɗaya, daga Ikara, daga Gubuchi, daga Hunkuyi, wasu ko takalman roba na bakin kududdufi ba su tsaya cirewa ba.

Sunana Maiwada Gambo. Shekara goma sha tara ke nan ina ƙyanƙyasar kifi a Gubuchi, ina sayar wa masu kiwo 'ya'yan karfasa da na tarwaɗa. Ni ba marubuci ba ne, amma akwai abin da ya gudana tsakanina da ke, Dakta, wanda in ban faɗe shi ba babu mai faɗa, domin ke dai ba ki taɓa ba wa kowa labarinsa ba.

Ga wanda bai san ki ba: ke 'yar gidan malamai ce, mahaifinki Malam Zulkifilu ya fi shekara arba'in yana karantar da Alƙur'ani da fiƙihu a zaurensa. Kin yi karatun likitan dabbobi, sannan kika zurfafa a kan cututtukan kifi, musamman waɗanda ƙwayar bairas ke haddasawa. Kina aiki a wani ɗakin bincike a Zariya, amma kusan duk Asabar kina ƙauyukanmu. Babu wanda ya ɗora miki wannan zirga-zirga. Ke kika ɗora wa kanki.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba. A bazarar 2021 ce, cikin tsananin zafi. Kin iso gonata da kular ƙanƙara a hannu, tare da Hajiya Zulai ta Kurmin Kogi, wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ya bar mata tankunan siminti uku, da su take riƙe gidanta. Wata biyu kafin nan ni na sayar mata da 'ya'yan karfasa. Kika gaishe ni a tsanake, kika tambayi iyali da gajiya da zafi, sannan kika buɗe kular. Kifayen ciki sun yi baƙi, fatarsu ta saluɓe wuri-wuri, idanun wasu sun kumbura, na wasu sun faɗa ciki. Kika ce cikin kwana goma Hajiya ta rasa fiye da rabin kifinta, kuma gonaki huɗu da kika zagaya masu irin wannan mutuwar duk a wurina suka sayi iri.

Na ce miki ruwansu ne ba shi da kyau. Na ce mata ba su iya kiwo ba, abinci suke labta wa kifi har ruwa ya ruɓe. Na faɗi haka a gaban Hajiya Zulai, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Abin da ban faɗa ba shi ne, ni ma kullum da safe sai na kwashe matattu daga kududdufin bayan gonar, ina zuba su a rami in rufe da ciyawa kafin kowa ya zo. Kuma wata uku kafin nan na sayo iyayen karfasa daga hannun wani ɗan kasuwa da ya kawo su daga nesa, na zuba su kai tsaye cikin nawa ranar da suka iso, ban keɓe su ko na yini ɗaya ba.

Ba ki yi musu da ni ba. Kin roƙi izinin zagaya gonar, na ba ki don kunyar baƙo. Kika tsaya bakin kududdufin baya kina kallon kifayen da ke shawagi a saman ruwa a kasalance, ba sa ko kula abincin da aka watsa musu. Kika ga fankon kafson nan ja-da-yalo a zube a gefe, wanda nake farkewa ina kwaɓa musu da abinci. Sannan kika leƙa kududdufin tarwaɗa da ke kusa, ruwa ɗaya suke sha da na karfasar, amma su lafiyarsu lau. Kika ce, "Baba Alhaji, da ruwa ne, da waɗannan ma sun ji a jikinsu. Wannan abin karfasa ya zaɓa. A ba ni biyar masu rai in tafi da su."

Kwana tara bayan nan kika dawo ke kaɗai, ranar aiki, a motar haya. Muka zauna a kan benci ƙarƙashin mangwaron ƙofar gona. Kika ce an gwada hanta da ƙwaƙwalwar kifayena da na gonakin nan huɗu, bairas ce, kuma iri ɗaya ce. Kika yi mini bayanin da har yau da shi nake yi wa wasu. Bairas ba kamar ƙwayoyin cutar da kafso ke kashewa ba ce. Ita ba ta iya hayayyafa da kanta, sai ta shiga cikin ƙwayar halittar jikin kifin ta mayar da ita wurin hayayyafarta, don haka maganin da nake zubawa bai ma san inda take ba, ɓata ruwa kawai yake yi. Abin da ke yaƙarta shi ne garkuwar jikin kifin kansa. Kika ce garkuwar nan hawa biyu ce. Ta farko mai sauri ce: ƙwayar halittar da cutar ta shiga tana sakin wani sinadari da ke sanar da maƙwabtanta su rufe ƙofa, kamar gidan da ɓarawo ya shiga aka yi ihu unguwa ta farka. Ta biyu tana ɗaukar kwanaki kafin ta tashi, amma ita ce ke gane cutar ta riƙe kamanninta, ta yadda in ta sake zuwa za a tare ta da wuri. Kifi kuwa jikinsa yana bin yanayin ruwan da yake ciki. In ruwa ya yi zafi ƙwarai, ko iskar cikin ruwan ta yi ƙaranci, ko aka cunkushe su, ko aka yi ta jagwalgwala su da raga, sai garkuwar ta yi rauni, cutar ta riga ta.

Sannan kika faɗi abin da ya kawo ki. In dakatar da sayar da 'ya'yan karfasa daga ranar. In ba ki sunayen duk waɗanda na sayar wa tun farkon shekara. Kada in saki ruwan kududdufan cikin rafin da ke bi ta fadamar ƙasa, inda wasu ke jan ruwa. Kuma duk karfasar da ke gonar, manya da ƙanana, a kashe a binne.

Na miƙe tsaye. Na ce miki na girmi aikinki, na fara kiwon kifi tun kina jami'a. Na ce ki fita mini daga gona. Kika tashi, kika gyara mayafinki, kika ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba. Ban gaya wa kowa ba tukuna, kai na fara zo wa." Kika tafi.

Da yammacin ranar na tuƙa babur har Kudan, na kai ƙararki wurin mahaifinki. Ina jin kunyar wannan har yau. Malam ya saurare ni har na gama, da littafi buɗe a cinyarsa. Sai ya ce, "Alhaji, abin da ta faɗa maka ƙarya ne?" Na ce ni ban ce ƙarya ba ne, amma ai akwai yadda ake yi. Ya ce, "To in ba ƙarya ba ne, me kake so in ce mata?" Ya tuna mini da hadisin da ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya kai su cikin masu lafiya, ya sa aka kawo mini ruwa, ya koma karatunsa.

Abin da ya sa na rikice haka shi ne, washegari akwai motar da za ta zo daga wajen Ikara ta ɗauki 'ya'yan karfasa dubu goma, a rarraba wa ƙungiyar matasa da ke fara kiwo a gonaki bakwai. A ido lafiyarsu ƙalau. Babu wanda zai kalle su ya ce akwai wani abu. Na ce a raina, wannan karon kawai, in sun tafi sai in rufe.

Da safe na fito na tarar da ke zaune a kan bencin nan. Ba ki zo da hukuma ba, ba ki zo da takarda ba. Kika gaishe ni kamar jiya ba a yi komai ba, kika ce kin zo ne ko zan buƙaci taimako wajen aikin binnewa. Na shige ciki na fara shirya jarkokin ɗaukar kifi. Kina nan zaune tun ƙarfe bakwai har rana ta take. Da motar ta iso kusan azahar, direban da shugaban matasan suka sauko suka gaishe ki, kika amsa, ba ki ƙara ko kalma ɗaya ba. Kallona kawai kika yi. Na tsaya da raga a hannu ina kallon shugaban matasan, mutum mai fara'a, yana ba ni labarin yadda suka haƙa kududdufansu da hannu tun kaka. Sai na ji bakina ya ce masa kifin ba na sayarwa ba ne, akwai cuta a gonata. Motar ta juya babu komai a cikinta.

Kwana uku muka yi muna aikin. Muka haƙa rami mai zurfi nesa da rafi, muka binne su, har da iyayen da na yi shekaru ina tacewa. Kika sa takalman roba da safar hannu kika shiga taɓo tare da mu. Muka zuba sinadarin kulorin mai kashe cuta a ruwan muka bar shi ya kwana biyu kafin a janye shi zuwa busasshiyar gona. Aka wanke raguna da bokitai da jarkoki, aka bar kududdufan a buɗe rana ta gasa su har ƙasa ta tsattsage. A rana ta ƙarshe na zauna bakin ramin na kasa tashi. Kika bar ni, ba ki yi mini wa'azi ba. Da kika zo tafiya ne kawai kika ce in ci abinci, kin lura tun safe ban sa komai a bakina ba.

A taron ƙungiyar masu kiwon kifi da aka kira a Makarfi mako guda bayan haka, kin yi bayanin cutar na kusan awa ɗaya da Hausa tsantsa. Mutane sun fusata, ana ta tambayar daga ina ta fito. Sau uku ana tambayar ki, sau uku kina cewa abin da ke gabanmu shi ne yadda za a tsayar da ita. Ni da ke da mahaifinki kaɗai muka san amsar dalla-dalla. A karo na huɗu na miƙe na faɗa da bakina. Na nemi gafarar mutane, na nemi ta Hajiya Zulai da sunanta, saboda abin da na faɗa a kanta ranar nan. Wasu sun yafe a take, wasu sun ɗauki shekara ba sa amsa sallamata. Duka biyun na cancanta.

Ba duka kifin yankin ne ya mutu ba, kuma a nan ne aikinki na gaske ya fara. A tankunan Hajiya Zulai, bayan mutuwar ta lafa, karfasa ɗari da 'yan kai suka rage, suka koma cin abinci, miyakun jikinsu suka warke. Mutane suka fara cewa ai waɗannan sun gagari cuta, a raba su a yi iri. Kika hana. Kika ce kifin da ya warke yana iya ɗauke da bairas a jikinsa ba tare da ya nuna ba, ya zama shi ke kashe baƙin da aka zuba masa. Amma kika ce akwai dalilin da ya sa su suka tsira 'yan'uwansu suka mutu, kuma mai yiwuwa wani ɓangare na wannan ƙarfin ana gadonsa. Kika nemi in ba da wani tanki a ƙarshen gonata, mai ragarsa da bokitinsa da magudanarsa daban, a kwaso kifayen Hajiya Zulai da suka tsira a zuba a ciki. Mutumin da ya kore ki daga gonarsa, shi kika zaɓa ya riƙe miki amanar. Na tambaye ki dalili, kika ce duk yankin babu wanda ya iya ƙyanƙyasa kamata, kuma babu wanda yanzu ya kai ni tsoron cutar.

Shekara biyu muna wannan. Kina zuwa ki ɗebi samfuri, ki tafi da shi Zariya, ki dawo da sakamako. Wanda aka samu da cutar a fitar da shi, wanda aka gwada sau da yawa ba a samu ba a bar shi ya hayayyafa, 'ya'yan ma a gwada su. Kullum da safe sai na rubuta miki zafin ruwa da adadin waɗanda suka mutu, ko da babu ko ɗaya. Ranar da na manta na cike daga baya da ka, kina dubawa kika gane, kika ce gara in bar gurbin babu komai da in rubuta abin da ban auna ba.

A bazarar 2023 cutar ta sake ɓulla a wajen Kurmin Kogi. Gonaki uku da ke da jikokin kifayen nan sun yi asara, amma kaɗan, ba kamar maƙwabtansu ba. Na yi murna har na fara faɗa a kasuwa cewa mun samu irin da cuta ba ta kamawa. Labari ya kai gare ki, kika kira ni a waya, kuma ranar ce kaɗai na ji muryarki ta ɗaga. Kika ce gonaki uku ba hujja ba ce, kuma masu gonakin nan su ne suka fi kowa kiyaye tsafta da rage cunkoso, to ta yaya za mu san ko irin ne ko kulawar ce? Kika ce in mutane suka ji an ce ba ta kamawa, za su daina keɓe sabon kifi, mu koma gidan jiya. Washegari na koma wurin duk wanda na gaya wa na janye maganata.

Haka kike. Ba ki da sassauci a kan aron raga tsakanin gona da gona. Na taɓa ganin kin sauka daga mota a hanyar Kudan don kin hango wani ya saɓo jiƙaƙƙiyar raga zai kai wa maƙwabcinsa, kika tsayar da shi a bakin titi. Wasu na cewa kin cika tsanani. Amma matan da ke kiwo a cikin gidaje, waɗanda mu maza ba ma shiga wurinsu, ke kika bi su gida-gida kika koya musu su ajiye sabon kifi a keɓe na mako uku, su rage abinci in zafi ya tsananta, su daina zuba kafso a ruwa. Hajiya Zulai ta gaya mini a wurin zaman makoki cewa lokacin da tankunanta suka zama fanko, kin riƙa zuwa duk mako ba don kifi ba, sai don ki zauna da ita, har kika tsaya mata ta fara kiwon tarwaɗa kafin karfasa ta dawo. Ta ce akwai saƙonninki na murya fiye da sittin a wayarta, ba ta goge ko ɗaya ba, kuma tun ranar Laraba ta kasa sauraron su.

Ganina da ke na ƙarshe mako uku ne kafin rasuwarki. Kin zo ɗaukar samfuri, na ga kin rame, kika ce gajiya ce. Muka yi maganar gwajin da kike so a yi a gonaki ashirin a bazara mai zuwa, rabi da irinmu rabi da na kasuwa, kulawa iri ɗaya, don a san gaskiyar lamarin sau ɗaya. Kin riga kin rubuta sunayen gonakin. Allah bai nufa za ki ga wannan ba. Ranar sadakar uku Malam Zayyad ya miƙo mini kwafin takardun, ya ce tun kina asibiti kika ce a ba ni ɗaya, a ba abokan aikinki ɗaya. Biyu daga cikinsu sun zo Gubuchi a makon da ya wuce, sun duba tankin, sun ce za a ci gaba. Ban sani ba ko irin nan zai tabbata abin da muke fata. Ke ma ba ki sani ba, kuma ba ki taɓa cewa kin sani ba. Ni dai shekaruna sittin da bakwai, kuma muddin ina iya taka ƙafata zuwa ƙarshen gonar nan da safe, za a auna ruwan, a rubuta abin da aka gani.

Ya Allah, ga baiwarka Ramla ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi, ka tabbatar da ita wajen tambaya. Ka sanya ilimin da ta bari a hannun talakawa ya zama sadaka mai gudana gare ta. Duk gidan da aka ɗora tukunya ta sanadin aikinta, ka kai ladan kabarinta. Abin da na faɗa mata cikin fushi, ta ce ta yafe tun tana raye, ya Allah kai ma ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinta Malam Zulkifilu, wanda ya yi mata salla da kansa muryarsa ba ta karye ba sai bayan sallama, da mahaifiyarta Hajiya Atika, da mijinta Malam Zayyad, da 'ya'yanta Lubna da Naja'atu da Zakiyyu, da abokan aikinta, da dukkan masu kiwon kifi na Ikara da Makarfi da Kudan. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ta bari a kan tafarkin da ta bi. Lubna, ke ce babba: idan ƙannenki suka girma suka tambayi wace ce mahaifiyarsu a wajen gida, ki kawo su Gubuchi, in ina raye zan faɗa musu, in ba na nan akwai mutum ɗari da za su faɗa.

Allah ya jiƙan Dakta Ramla, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.

Alhaji Maiwada Gambo
Gubuchi, Ƙaramar Hukumar Makarfi